Reshen Mabera da Hanyoyinsa Biyu: Nazarin Matsalar Netwok a Wani Shagon Sarin Magunguna a Sakkwato

Yadda wurin yake tun farko

Wani dillalin magunguna ne a cikin garin Sakkwato, yana sayar da sari ga masu kemis da ƙananan asibitoci. Wurare huɗu gare shi: babban shago kusa da babbar kasuwa, reshe a Mabera, reshe a Runjin Sambo, sai sito a Kwannawa inda manyan motoci ke sauke kaya. Duk rasit ɗin da za a yanka, ko a wane reshe ne, sai kwamfutar mai karɓar kuɗi ta tuntuɓi saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe lissafin kaya, guda ɗaya da ke babban shago, ta ji farashi da adadin da ya rage, sannan firinta ta fitar da takarda. Alhaji mai wurin ya hana rubuta rasit da hannu tun wani lokaci da lissafin sito ya rikice masa. Saboda haka da zarar layi ya yanke, ciniki ya tsaya ke nan.

Kowane wuri da rautarsa, ƙirar MikroTik. Rauta ita ce 'yar akwatin da ke tsaye a bakin ƙofar netwok. Duk ƙunshin bayanin da ya iso gare ta, takan duba adireshin inda za shi, ta duba jadawalin hanyoyinta, ta miƙa shi ga rauta ta gaba.

Layukan da suka haɗa wuraren guda biyar ne. Daga babban shago zuwa Mabera akwai tsohon rediyo mai gigahaz 5, wato faranti biyu a kan rufi masu aika wa juna bayani ta iska, shi ne na farko da aka fara sawa. Daga babban shago zuwa Kwannawa akwai layin faiba na haya. Daga Kwannawa zuwa Mabera akwai sabon rediyo mai ƙarfi. Daga babban shago zuwa Runjin Sambo rediyo ne shi ma, sannan an saka wa rautar Runjin Sambo layin waya mai data don ko-ta-kwana. Ke nan Mabera tana da hanya biyu zuwa ga saba: kai tsaye ta tsohon rediyo, ko ta zagaya ta Kwannawa.

Duk hanyoyin da ke cikin jadawalin rautocin nan da hannu aka rubuta su. Wanda ya kafa netwok ɗin ya bar garin, kuma bai bar zane ko takarda ba.

Farkon Maris: layi ya fara ɗaukewa

Tsohon rediyon Mabera ya fara yankewa, wani lokaci na 'yan mintuna, wani lokaci fiye da awa. Yaran shago suka ce hazo ne, tunda hunturu bai gama tafiya ba. Aka hau aka goge faranti, aka sake ɗaure wayoyi. Ba a ga canji ba.

Abin da ya fi damun Alhaji shi ne sabon rediyon Kwannawa da ya kashe wa kuɗi yana nan da ransa, fitilunsa na ci, amma ko rasit ɗaya bai taɓa bi ta kansa ba. Dalilin yana cikin jadawali. An rubuta wa rautar Mabera cewa duk abin da za shi babban shago ya bi tsohon rediyo, kuma kafaffiyar hanya ba ta san an mutu ba. Akwai wani abu kuma da ke ɓoye mutuwar: rauta ba ta ganin iska, wayar da ta haɗa ta da rediyon da ke kan rufi kawai take gani. Muddin wayar nan na jone kuma rediyon na da wuta, a wurin rauta layi lafiya lau yake, ko da faranti biyun sun daina jin juna.

A makonnin farko, maganin da aka samu shi ne waya. Layi ya yanke, a kira yaron da ke kula da kwamfutoci, ya hau babur ya je Mabera ya canza hanyar da hannu, ya dawo babban shago ya canza ta can. Kafin ya gama, sau da yawa tsohon rediyon ya dawo da kansa.

Ƙarshen Maris: hanyar ko-ta-kwana da hannu

Yaron ya yi tunani mai kyau. A kowace rauta ya rubuta hanya ta biyu mai lambar fifiko mafi girma, wadda ba za ta yi aiki ba sai ta farko ta faɗi. Ya kuma kunna binciken maƙwabci: rauta na ƙwanƙwasa wa ta gaba da umarnin ping kowane daƙiƙa 10, idan aka yi sau biyu a jere ba amsa sai ta ɗauki hanyar a matsayin matacciya.

Idan rediyon ya mutu murus, wannan dabara na aiki, cikin ƙasa da rabin minti a koma ta Kwannawa. Amma ba kullum yake mutuwa murus ba. Yakan yi rabin mutuwa: ƙaramin saƙo irin na ping ya wuce, manyan ƙunsoshin da ke ɗauke da lissafi su zube a hanya. Rauta ta ga an amsa mata, ta ci gaba da tura kaya cikin rami. Wata rana kuma rautar babban shago ta sauya hanya, ta Mabera ba ta sauya ba, tambaya ta bi can, amsa ta nufi matacciyar hanya.

Sai matsala ta uku. An ƙara kyamarori a Mabera a kan wani sabon rukunin adireshi, aka rubuta hanyarsu a babban shago, aka manta da rautar Kwannawa. Duk ranar da aka koma zagaye, rasit na fita, Alhaji kuma ba ya ganin shagonsa a waya.

Ran da wuta ta ɗauke a Mabera har batir ya ƙare, an ga wani abu dabam. Babban shago ya ce Mabera ba ta amsawa, ya tura ta Kwannawa. Kwannawa ta ce ita ma ba ta jin Mabera, ta mayar wa babban shago. Ƙunshi ya yi ta kai-komo tsakanin rauta biyu har adadin zangon da aka yarje masa, wato yawan rautocin da zai iya ratsawa, ya ƙare aka jefar da shi. Bai yi wata ɓarna ba, amma ya sa aka yini ana zargin layin faiba.

Afrilu: an gwada RIP

Wani abokin yaron ya ba shi shawarar ya bar rautoci su riƙa gaya wa juna hanyoyi da kansu. Suka zaɓi RIP saboda sauƙinsa, layi kaɗan ake rubutawa. RIP tsohuwar ƙa'ida ce, an rubuta bayaninta a hukumance a 1988, sigarta ta biyu da aka fi amfani da ita kuma ta daidaitu a 1998. Kowane daƙiƙa 30 rauta na karanta wa maƙwabtanta abin da ke jadawalinta, tare da faɗin zango nawa ne zuwa kowane wuri. Hanyar da ta fi ƙarancin zango ita ke cin nasara. Iyakarta zango 15, idan an ce 16 to wurin ba ya isuwa.

Matsalar kyamarori ta tafi nan take, domin duk sabon rukunin adireshi yana yaɗuwa da kansa. Sauran kuwa suka ƙara tsanani. A lissafin RIP, tsohon rediyo zango 1 ne, hanyar Kwannawa zango 2, saboda haka kullum mai ciwon ake zaɓa. Idan ya yanke kuma, tunda wayar rufi na nan jone, sai rauta ta jira daƙiƙa 180 ba ta ji daga maƙwabciya ba kafin ta yarda hanyar ta mutu. Minti uku ke nan mai karɓar kuɗi na kallon allo, masu kemis na tsaye da kwalayensu cikin zafin Afrilu. Da rediyon ya farfaɗo saƙo ɗaya ya samu wucewa, sai komai ya koma kansa, ya sake yankewa, a sake ƙirga minti uku.

Ana iya ƙara wa layi zango na ƙarya a RIP don a guje shi, amma ba su san da wannan ba a lokacin, kuma da sun yi ma jiran daƙiƙa 180 na nan sai an taɓa shi daban.

A tsakiyar watan ne aka kira ni. Na samu Alhaji zaune a kan benci a ƙofar babban shago, fanka na kaɗa iska mai zafi. Bayan mun gaisa ya ce, "Injiniya, hanya biyu munka biya ma kuɗi. In guda ta mutu, mi ka hana gudar ɗaukar kaya?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako guda ban taɓa komai ba, in ga yadda take mutuwa tukuna."

Makon kallo

Abu biyu na yi. Na zana netwok ɗin a bayan kwalin magani, rauta huɗu da layi biyar da adireshin kowane baki, wato inda layi ke shiga rauta. Sannan na ba mai karɓar kuɗi a Mabera littafin makaranta mai shafi 40, na ce, "Malama, duk lokacin da ya tsaya ki rubuta ƙarfe nawa, in ya dawo ma ki rubuta." Na kuma gyara agogon rautocin, domin biyu daga cikinsu suna nuna wata shekara daban, abin da ya sa rajistarsu, inda suke rubuta abin da ya faru da lokacinsa, ba ta da amfani.

Da mako ya cika, littafin ya nuna kusan duk yankewar tsakanin azahar da la'asar take faruwa. Na hau rufin Mabera da ƙarfe biyu na rana. Na'urar da ke ba tsohon rediyon wuta ta cikin waya tana cikin akwatin ƙarfe a rufe, a kan kwano, ba inuwa. Ban iya riƙe murfin akwatin da hannu ba sai da na naɗe shi da hula. A Sakkwato zafin Afrilu kan wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin ƙarfe a kan rufi. Idan na'urar ta yi zafi sai wutar da take bayarwa ta ragu, rediyon ya raunana ko ya sake tashi. Ƙura ba ta cika damun rediyo mai gigahaz 5 ba, kuma lokacin da matsalar ta fara ya dace da shigowar bazara.

Muka sauko da na'urar cikin ɗaki, muka jona ta da inbata. Yankewar ta ragu ƙwarai. Rediyon dai tsoho ne, saurinsa bai kai na hanyar Kwannawa ba, kuma RIP na nan yana fifita shi.

A wannan makon wani mai sayar da kayan netwok ya ce wa Alhaji BGP ne maganin, wai shi manyan kamfanoni ke amfani da shi. Gaskiya ne BGP ne ke haɗa netwok ɗin kamfanonin intanet na duniya da juna. Mai son yin magana da su da shi yakan nemi lambar netwok tasa da rukunin adireshi daga AFRINIC, hukumar da ke rabon su a Afirka daga Morishas. Na bayyana wa Alhaji cewa tasa matsalar a cikin gida take, tsakanin shagunansa huɗu. Aka bar maganar.

Farkon Mayu: OSPF, gwajin farko

OSPF shi ma ƙa'idar zaɓen hanya ce, amma ba ya aiki da jita-jitar maƙwabta kamar RIP. Kowace rauta na sanar da layukan da ke jikinta da farashin kowanne, wato lambar da ke nuna nauyin bi ta layin, sanarwar ta isa ga kowa, har kowace rauta ta mallaki taswirar netwok ɗin gaba ɗaya. Daga nan sai ta lissafa hanya mafi arha da dabarar da masanin nan ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya wallafa a 1959. Sigar da muka yi amfani da ita ita ce ta biyu, wadda aka daidaita bayaninta a 1998. Maƙwabta na yi wa juna sallama kowane daƙiƙa 10, idan aka yi daƙiƙa 40 ba sallama sai a cire layin daga taswira.

Mun kunna shi da dare bayan an rufe shago, duk rautocin a yanki ɗaya, yanki na 0. Abu uku suka ci tura.

Mabera da Kwannawa suka ƙi zama maƙwabta. Ashe lokacin da aka sayi rautar Kwannawa, saitin ta Mabera aka kwafa aka zuba mata, har da lambar shaida. A OSPF kowace rauta sai da lambar shaidarta ita kaɗai. Babban shago kuwa yana ta karɓar sanarwa biyu masu saɓa wa juna da suna ɗaya, hanyoyi na bayyana suna ɓacewa. Muka ba kowace rauta adireshi na cikin gida wanda ba ya rataye da wata waya, muka mai da shi lambar shaida.

Layin ko-ta-kwana na Runjin Sambo, wanda ke bi ta rufaffen rami na WireGuard, wato keɓaɓɓiyar hanya a cikin intanet, a kan datar waya, ya tsaya a matakin da allo ke rubuta ExStart, bai ci gaba ba. Wannan ya cinye mana awa biyu. Girman ƙunshi mafi girma da baki ɗaya ya yarda da shi 1420 ne, ɗaya bakin kuma wani ya taɓa rage shi. OSPF na duba wannan lamba kafin a fara musayar taswira, in ta saɓa sai a tsaya. Da muka daidaita su, cikin daƙiƙu suka gama.

Na ukun sai da gari ya waye muka gan shi. Komai na aiki, amma zirga-zirgar Mabera na bin tsohon rediyo kamar dā. Rautocin nan na ba kowane layi farashi iri ɗaya idan ba a taɓa ba, kuma idan farashi ya zama ɗaya to OSPF ƙirgen zango yake yi, daidai da RIP. Ko rautocin da ke lissafa farashi daga saurin baki, irin na Cisco da ke raba megabit 100 da saurin layin, da sun faɗa ramin nan, domin saurin wayar rufi za su gani, ba na iskar da ke tsakanin faranti biyu ba.

Tsakiyar Mayu: an rubuta farashi

Muka zauna da zanen bayan kwali muka sa wa kowane layi lamba, a bakinsa biyu. Faiba 10. Sabon rediyon Kwannawa zuwa Mabera 20. Rediyon Runjin Sambo 20. Tsohon rediyo 100. Ramin datar waya 500. Da wannan, daga Mabera zuwa saba ta Kwannawa 30 ne, kai tsaye kuma 100. Zagaye ya zama babbar hanya, tsohon rediyo ya koma jiran gado. Kwannawa ma ta samu kariya, in faiba ta yanke za ta bi ta Mabera a kan 120.

Daƙiƙa 40 sun yi wa Alhaji yawa, sai na rage sallama zuwa daƙiƙa 1, jira kuma 4. A kan faiba ya zauna lafiya. A kan rediyo kuwa, duk ɗan tangarɗar iska sai maƙwabtaka ta rushe ta sake ginuwa, kowace rushewa kuma sai duk rautoci sun sake lissafi. Kwana biyu muka mayar da rediyoyin kan 5 da 20. Lambobin nan dole su zama iri ɗaya a baki biyu na layi, in ba haka ba maƙwabtaka ba ta ƙulluwa sam.

Muka rufe sallama a bakunan da ke fuskantar kwamfutocin shago, muka sa kalmar sirri tsakanin rautoci don kada wani ya jona tasa akwatin ya sanar da hanyar ƙarya. A ƙarshe muka goge tsofaffin hanyoyin hannu, domin kafaffiyar hanya mai lambar fifiko 1 tana rinjayar ta OSPF mai 110, kuma guda ɗaya da aka manta za ta iya mai da aikin baya. Yaron shagon ne ya yi gogewar da hannunsa ina tsaye, ɗaya bayan ɗaya, muna gwada rasit bayan kowace. Sannan muka cire wa kowane layi wuta da gangan muka riƙe agogo. Mafi daɗewa bai wuce daƙiƙa 20 da 'yan kai ba.

Alhaji ya so a sauke tsohon rediyon a sayar. Na roƙe shi ya bar shi har damina ta wuce.

Yuni: hadarin farko

Iskar da ke zuwa gaban ruwan farko ta juya farantin Kwannawa da yamma. Mabera ta koma kan tsohon rediyo da kanta. A littafinta, Malama ta rubuta cewa rasit ɗaya ya ɗan jinkirta. Kyamarori sun yi nauyi a wayar Alhaji, ciniki bai tsaya ba. Washegari aka hau aka daidaita farantin, zirga-zirga ta koma hanyarta ba wanda ya taɓa saiti.

Agusta: shirun da ya ɓoye ciwo

Wata safiya reshen Runjin Sambo ya yanke gaba ɗaya. Da na duba rajista, rediyonsa ya mutu tun kwana tara da suka wuce, ruwa ya shiga mahaɗin waya. OSPF ya mayar da reshen kan datar waya cikin daƙiƙu, ba wanda ya lura, har datar ta ƙare da kyamarori na zuƙarta dare da rana. Reshen ya rasa ciniki daga safe zuwa azahar.

Bayan an gyara mahaɗin, muka sa rautar babban shago ta riƙa aika saƙo zuwa wayar yaron da tawa duk lokacin da wata maƙwabtaka ta faɗi ko ta tashi. Muka kuma hana kyamarori bin ramin data, aka bar shi ga rasit kawai.

Abin da na gani a lamarin

Matsala biyu ce ta haɗu aka ɗauke ta guda: na'ura da zafi ke kashewa, da jadawalin da ba ya iya kauce mata. Kusan wata biyu ana canza ƙa'idar zaɓen hanya, alhali littafi mai shafi 40 ya nuna ta farkon cikin mako ɗaya. Da an fara da shi da zanen, da an huta da yawancin wahalar Maris da Afrilu.

Ban ga laifin yaron shagon ba a kan hanyoyin hannu. Ga reshe mai layi ɗaya, su ne daidai, kuma har yau hanyar fita intanet a babban shago da hannu take rubuce. Sun gaza ne da wurin ya zama zobe mai hanya biyu. RIP kuwa bai dace da netwok ɗin da layukansa suka bambanta da juna haka ba, faiba a nan, tsohon rediyo a can. OSPF ma bai fi shi ba a darensa na farko. Abin da ya raba su shi ne OSPF ya ba mu fili mai faɗi na rubuta abin da muka sani game da kowane layi, kuma ba ya daɗewa kafin ya gane maƙwabci ya yi shiru. Rabin mutuwar rediyo har yanzu ba ya ganinta da kyau, shi ya sa gyaran rufi ya zama dole.

Lamarin Agusta laifina ne. Ni na gina netwok mai sauya hanya a shiru, kuma ya kamata in sa masa ƙararrawa tun a Mayu. Asarar rabin yinin nan ta dame ni, na kuma faɗa wa Alhaji haka a gabansa.

Akwai raunin da ya rage. Saba ɗaya ce, rautar babban shago ma ɗaya ce, kuma duk hanyoyi a kanta suke ƙarewa. In ta mutu, babu farashin da zai ceci kowa. Mun ajiye rauta ta biyu a kabad da saitinta a ciki, an rubuta lambar kowane baki a jikinta da alƙalami. Maganar saba ta biyu a Kwannawa tana gaban Alhaji, ya ce a bari sai bayan kaka.